Ƙwayar Lemo

…kuma ba ciwo take yi ba, abin da ya kasa ganar da su ke nan. Duk wanda ya kalli ƙafar sai ya yamutsa fuska ya ce sannu Malam Datti, sannu, Allah ya sawwaƙe. Sannu da me? Ga ta nan a miƙe gabansa, naɗe da tsohon ɗankwalin matarsa Hawwa, ƙuda na sauka yana tashi. Kamar ƙafar wani ce aka ba shi ajiya, ya riƙe kafin mai ita ya dawo daga kasuwa.

Benci dogo, baranda doguwa. Babban asibitin birni. Sun ɗebi jininsa tun da sassafe, kafin ya sa komai a baki, cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, suka ce ya jira. Yana jira. Ya iya jira. Duk wanda ya yi noman rani ya iya — ruwa ba ya zuwa fegin mutum sai ranar da aka ce tasa ce.

Hawwa na can ƙarshen barandar, a ƙasa, wajen mata, da kwano ɗaure cikin tsumma a kan cinyarta. Tuwon alkama ne, ya sani. Miyar zogale, ba mai. Ta tuƙa shi tun kafin su fito bakin titi tarar motar Kura. Ta ɗago kwanon ta nuna masa daga nesa. Ya girgiza kai. Ta sauke.

Ja ne. Jinin. Ya leƙa lokacin da ake zuƙa, ya zaci zai ga wani abu dabam… me? Fari-fari? Yauƙi irin na zuma? Ja ne kawai, irin na kowa, irin na ragon layya. Wai a cikin wannan ɗan abin za su ga duk abin da ya ci.

Ai da jini ma maganar ta faro.

Ruwan madatsar Tiga. Ya gan shi da idonsa ranar da aka fara sako shi cikin kanal, yana tafe a hankali, yana tura busasshiyar ciyawa da kashin awaki a gaba, mutanen ƙauye na biye da shi ta gefe kamar masu rakiyar baƙo. Gonar geron babansa kuwa katafila ta riga ta baje ta, ta tumɓuke kukar da ke tsakiya, aka yanka wurin fegi-fegi, aka mayar masa da wani yanki da ba shi ba ne, aka ce daidai yake da nasa. To, daidai yake. Ruwa a watan da ko kadangare ke neman inuwa — wa zai ce ba ya so?

Ya tsaya a cikinsa. Shekaru yana tsaye a cikinsa har ƙwauri, yana danna bututun roba ya cika, ya ɗora shi a kan gaɓa, ruwa ya tsallako ya bi fangali. Sai ƙarshen fitsari ya fara yin ja. Tsargiya. Kowa na yi, ba abin faɗa ba ne. Tasa dai ta daɗe. Haki in ya ɗaga kwandon tumatir. Jiri in ya ɗago daga ruku'u. Malamin asibiti na ƙaramin asibitinsu, mutum mai haƙuri, mai farar rigar da ta sha bula har ta koma shuɗi-shuɗi, ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba ya ce jini ya gudu. Ya ba shi maganin tsargiya, ya ba shi 'yan ƙwayoyi ja-ja na ƙarin jini, ya ce ya riƙa cin ganye da wake da hanta.

Hanta. Sai ka ce a bishiya ake tsinko ta.

Ƙwayoyin suka mayar da bayan gidansa baƙi ƙirin. Ba wanda ya ce masa haka suke yi. Ya duba ya ce shi ke nan, ciki ya ƙone. Ya daina sha. Sada ne ya warware masa — Sada mai kemis, a Kura, kusa da tasha, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ya yi ta dariya har yana dafa kantar shagonsa, ya ce ƙarfen da ke cikin maganin ne, ba wani abu ba, amma tunda ƙwayar ba ta karɓe shi ba, ga na ruwa. Kwalba mai ruwan ƙasa, da hoton wani ƙato ya ɗaga damtse. Zaƙi kamar maɗi. Sannan ya buɗe wani babban gwangwani ya ɗibo da cokali, 'yan ƙananan ƙwayoyi masu launin ɓawon lemo, ya ce wannan bitamin ne, shi ke taimakon maganin jini ya kama jiki, yana kuma korar mura. Tsotsa ake yi. Ba ya cutar da kowa.

Ya jefa ɗaya a baki nan tsaye. Tsami, sai zaƙi, sai tsamin ya dawo ta gefen harshe.

Ƙarya Sada ya yi? Bai yi ba. Likitan asibitin nan ma ya ce gaskiya ne, tana taimakon jini…

An kira suna. Ba nasa ba. Wata tsohuwa ta miƙe da ƙyar, 'yarta na riƙe da ita. Bencin ya ɗan yi sama ta wancan gefen, ya koma.

Jini ya dawo. Har ya so ya yi yawa, in ji mutane. Shekarun tumatir ke nan. Bakin titin Zariya, wajen Garun Malam, a jera kwanduna a zauna jiran motocin kudu, mai shayi a gefe, babban kofi, madara, yana zuba sukari yana jiran ka ce ya isa. Shi ba ya cewa ya isa. Burodi. Babansa har ya koma ga Allah bai san ɗanɗanon burodi ba — fura da hantsi, tuwon dawa da almuru, miyar kuka da daddawa, ya kora jaki zuwa Bunkure ya dawo a ƙafa, cikinsa a shafe kamar faifai. Shi kuwa shinkafa da mai da rana, shinkafa da yamma, rake a hanya, lemon kwalba ranar kasuwa. Gero ya zama abin saya a gidan da aka gina rumbu saboda shi. Ya yi tumbi, ya yi wuya. A ƙofar masallaci a ce ruwa ya karɓi Datti.

Ya karɓe shi kuwa.

Sai ƙishi. Ba irin na mai aiki a rana ba, wannan ba ya jin ruwa. Ya kafa kai a moɗa ya sha har ciki na ƙugi, ya ɗago harshe a bushe kamar fatar da aka shanya. Tumbin ya zube. Wando ya fara zamewa. Hawwa ce ta ga tururuwa a bayan ɗaki, inda yake tsugunawa, sun yi baƙi a wurin. Ta daɗe tana gani kafin ta buɗe baki. Ta yaya mace za ta ce wa mijinta ta lura da fitsarinsa?

Malamin asibiti ya miƙa masa gwangwani ya ce ya kewaya. Da ya dawo malamin ya zaro wani ɗan tsinken takarda daga kwalba, siriri, ya tsoma, ya ɗaga, ya kalli agogonsa. Bakin tsinken ya sauya a gaban idonsu. Ya yi duhu, ya ƙara duhu. Ya kara shi da zanen launukan da ke jikin kwalbar, ya yi ta matsawa har kusa da ƙarshe. Ciwon sukari. Ya ba shi farar ƙwaya ta kullum, ya lissafa masa abin da zai bari, ya ce duk wata ya zo a tsoma.

Abin ya ba shi sha'awa ma, ba tsoro ba. Takarda ta san cikin mutum. Takarda, wadda ake naɗe ƙosai da ita.

Hawwa ta ɗaura ɗamara kamar mai shirin yaƙi. Shinkafa ta bar tukunyarsa. Tuwon alkama, don kowa ya ce alkama ce abincin masu sukari, ga ta kuwa a fegi, shi ke nomanta. Zogale, rama, shuwaka, garafuni — duk ganyen da aka ce mata yana da ɗaci sai ta nemo. Ta jiƙa wannan, ta dafa wancan, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ƙaninsa Abbas, mai makarantar Islamiyya a bayan masallaci, ya kawo zuma farar saƙa da habbatussauda, ya ce Yaya wannan ba sukarin bature ba ne, waraka ce, cokali da safe. 'Yarsa Rekiya ta zo daga Madobi ta gan shi ya zama ƙashi da rai, ta yi kuka a soro, mako na zagayowa ta aiko da kwalbar ƙaton nan mai damtse, wai don ya mayar da jiki.

Kowa ya kawo abin da yake da shi. Shi kuma ya sha. Ya zai yi, ya ce wa wanne a'a?

Bakinsa dai ya mutu. Ɗaci da safe, ɗaci da rana, har yawunsa ya koma ɗaci. Ya wuce mai shayi ya kau da kai kamar wanda ya haɗu da surukarsa a hanya. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaida Sada, idonsa ya faɗa kan babban gwangwanin nan da ya daɗe da mantawa da shi. Ya tambaya ko mai sukari na iya sha. Sada ya ce ai magani ne, ba alewa ba.

Magani ne. Ba abinci ba. Ba ya cikin abin da aka hana.

Ƙulli a aljihun gaba. Ɗaya in ya sako ruwa, ɗaya in ya toshe, biyu in rana ta take. In zai je asibiti a tsoma tsinke, da yake ba ya karyawa sai an gama, su yake watsawa a baki tun daga gida har layi ya zo kansa. Harshe ya yi ruwan lemo. Hawwa na wanke rigunansa tana ganin bakin aljihu ya rine, amma ita ma ta san magani ne.

Sai tsinke ya daina duhu.

Wata na farko ya ɗan sauya kaɗan. Na biye, ko gezau. Malamin asibiti ya ɗaga shi wajen taga, ya juya, ya sake tsoma wani, fuskarsa ta washe. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya kiyaye baki irin Malam Datti ba, har misali yake yi da shi ga sauran masu ciwon. Ya rage farar ƙwaya zuwa rabi. Daga baya ya ce a ajiye ta tukuna a gani. An gani. Tsinke fes.

Hawwa ta yanka zakara. Ta soya waina ta rarraba gida-gida. Abbas ya tara almajiransa manya aka yi sauka. Shi kuma ya zauna a tabarma a ƙofar gida mutane na shigowa suna barka, barka da arziki, ya ce Allah ne. Da gaske yake faɗa.

Shayi ya dawo a hankali. Rabin kofi, sukari kaɗan. Sai kofi. Ranar suna shinkafa, ai ranar suna ce. Duk wata kuma tsinke ya ce ba komai.

Ƙishin fa?

Ƙishin bai tafi ko'ina ba. Zafi ne, in ji shi. Bazara ce. Da bazara ta wuce, aiki ne. Ido ya fara hazo, sai ya miƙa Alƙur'ani nesa kafin baƙi ya tsaya — tsufa ne. Tafin ƙafa na zugi kamar an barbaɗa barkono, sai ya daina, sai ya koma kamar yana taka auduga — sanyin ruwan kanal ne, duk manomin rani na kuka da shi. Kowane abu da amsarsa. Ba ƙarya yake yi ba, kowace amsa tana iya zama gaskiya. Kuma takarda ta riga ta yi magana. Shi wane ne, da harshensa guda, da zai ƙaryata takarda?

Wani ya wuce da keken tura marasa lafiya, taya ɗaya na kuka. Wanda ke kai a lulluɓe yake zuwa ƙirji, mayafin ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba, daga gwiwa zuwa ƙasa, ta gefe guda. Ya bi shi da ido. Mutumin na cin gyaɗa. Yana ɓarewa yana ci, yana zuba ɓawon a hannunsa ɗaya don kada ya ɓata musu ƙasa.

Ashe ana cin gyaɗa bayan nan.

Ƙusa ce. 'Yar ƙaramar ƙusa, irin ta akwatin katako, ta huda takalmin taya ta shige ƙarƙashin babban yatsa. Ya yini da ita. Ya sako ruwa da ita, ya je kasuwa da ita, ya dawo. Da ya cire takalmi zai yi alwala takalmin ya ƙi fita, ya zaci laka ce ta riƙe, ya fizga. Hawwa ce ta ga jini a kan tabarma ta ce Malam me ka taka? Ya duba. Ya ɗaga takalmin ya ga tsinin ƙusar ya yi ja. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne an ɓata masa takalmi.

Ruwan gishiri. Toka. Man shanu. Garin kafso na kemis da ake ɓarewa a barbaɗa. Bakin ciwon bai fi ƙwayar wake ba, ya ƙi rufewa. Ya ci gaba da shiga ruwa, alkama ba ta san ƙusa ba, kuma bana da gwamnati ta hana shigo da ta waje kowa ya zuba ta har bakin kanal. Yatsan ya kumbura, ya yi ja, ya yi shuɗi. Sai wari. Shi ba ya ji sosai, a fuskar mutane yake gani, yadda sahu ke ɗan buɗewa ta gefensa. Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya duba, ya tsoma tsinke — fes — ya kalli tsinken, ya kalli yatsan, ya sake kallon tsinken. Ya ce abin nan biyu ba sa tafiya tare. Ya ce su wuce birni.

Wancan zuwan ke nan, na farko. Likita yaro ne, bai fi sa'an ɗansa Lukmanu ba, wanda ke aikin masaƙa a Kaduna. Tabarau, gemu bai gama haɗuwa ba. Bai yamutsa fuska ba, wannan ya burge shi. Ya tambayi me yake ci, Hawwa ta amsa daga bayan kujera, ta jero ganyayenta ɗaya bayan ɗaya, muryarta har da ɗan alfahari. Ya tambayi me yake sha. Suka ce an daɗe da dakatar da maganin. Ya ce ba wannan ba, komai da komai, duk abin da ke wuce maƙogwaro wanda ba tuwo ba.

Ta kwance jaka a kan teburinsa. Zumar Abbas. Habbatussauda. Kwalbar Rekiya, saura rabi. Saiwoyi a leda. Shi kuma ya laluba aljihu ya ajiye ƙullinsa a gefe, don dai kada a ce ya ɓoye wani abu.

Likita ya buɗe kwalbar ƙaton ya shinshina, ya karkata ta ya ga yadda take zuba a daskare. Ya ce akwai ƙarfe a ciki, gaskiya ne, amma a cikin ruwan sukari aka narka shi. Kuma in da shayi yake bin ta, shayin na tare ƙarfen tun a ciki, sai sukarin ya wuce shi kaɗai. Zuma kuwa — a nan ya zaɓi magana, ya ga alamar gidan malamai suka fito — ya ce zuma abu ce mai albarka, amma jinin mai wannan ciwo ba ya bambanta zaƙinta da wani zaƙi. Alkama ma abinci ce kamar shinkafa, ta ɗan fi ta jinkiri ne kawai, malmala uku tana nan malmala uku. Ganyen ya ce ta ci gaba, ba laifi.

Ya ga kafaɗar Hawwa ta sauka.

Sannan likita ya ɗauki ƙullin. Ya tambayi nawa yake sha a yini. Wa ke ƙirgawa? Ya nuna masa tafin hannu, ya ɗan dunƙule. Likita ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce wannan bitamin jiki ba ya ajiye rararsa, abin da ya ɗauka ya ɗauka, saura ya bi fitsari. Shi kuma tsinken akwai abin da ke bakinsa mai sauya launi in ya gamu da sukari, to in bitamin ɗin ya yi yawa a wurin yakan riƙe launin ya hana shi fitowa.

"Ban ce tabbas ba, Baba. Amma mai yiwuwa ba warkewa ka yi ba. Tsinken ne ya daina gani."

Ya wanke ciwon, ya ba da maganin ƙwayar cuta, ya so ya kwantar da shi amma ba gado. Ya ce a ajiye duk kayan jakar, ya dawo da yunwa ranar awo a duba jinin kansa, ba fitsari ba. Jini ba a rufe masa ido da sauƙi haka.

Suka shigo mota zuwa Kura. Da suka sauka Hawwa ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, wainar nan da aka raba fa? Ya ce sadaka ce, ta riga ta isa inda za ta.

To wa za a kama? Ya yi ta juya abin a kwanakin nan, ba don fushi ba, kamar dai yadda mutum ke bin gaɓa yana neman inda ruwa ya ɓalle. Sada? Ya sayar masa da abin da ke korar mura. Malamin asibiti? Abin da aka ba shi ya tsoma, abin da ya gani ya faɗa. Abbas ya kawo abin da ya karanta. Rekiya ta ga ubanta ya rame. Hawwa ta bi daji tana tsinko ɗaci har hannunta ya yi kanta. Ya bi gaɓar daga farko har ƙarshe bai ga ɓaraka ba. Ko'ina a toshe. Fegin dai ya cika da ruwa.

Watannin nan da ya yi yana da lafiya fa, na wa ne? Ya yi su. Ya ji daɗinsu. Ya yi dariya a bakin titi da kofi a hannu, ya ci shinkafar sunan jikansa har ya nemi ƙari. In aka ce ba lafiya ba ce, to mece ce? Ba a mayar da ita. Ba ya ma jin yana so ya mayar…

Hannu ya tafi aljihu da kansa. Ba komai. Ɗan gari-gari a kusurwar ɗinki. Ya fito da yatsa ya duba, ya goge a gwiwa.

Alkama ta fara fitar da kai. Yanzu ne take son ruwa, in ta sha ƙishi a wannan gaɓar sai ta yi tsaye kyakkyawa ba ƙwaya. Hambali maƙwabcin feginsa ya ce zai sako masa, amma Hambali nasa zai fara shayarwa, haka kowa zai yi, shi ma haka zai yi. Lukmanu ba zai baro masaƙa ya dawo laka ba. Mai ƙafa ɗaya na tsayawa a kanal? Sanda za ta nutse. Sai dai ya zauna a gaɓa yana nuni da baki, kamar malamin gona.

"Datti Uba."

Sunan ya yi kamar na wani da ya sani. Sai da aka maimaita. Hawwa ta riga shi miƙewa, kwanon a hammata.

Ɗakin na warin maganin wanke ƙasa. Fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Likita na riƙe da 'yar takarda, ya faɗi wata lamba. Lamba ce. Ya faɗi wadda ya kamata a gani ga mai lafiya da bai karya ba, ya sake faɗin tasa. Tsakaninsu da nisa, kamar Kura da Zariya. Ya ce jinin jikinsa ma ya sake yin ƙasa, duk da kwalbar. Ya ce an samu gado yau. Allura za a fara, safe da yamma, ƙwaya ba za ta iya ba yanzu. Yatsan kuwa ya riga ya tafi, ba abin da za a jira a kansa. Abin da ba a sani ba shi ne inda za a tsaya.

Yana jin maganar kamar labaran rediyo. Ambaliya a wata ƙasa. Allah ya kyauta musu.

Sun kwantar da shi a kan wani siririn gado mai shimfiɗar roba. An kwance ɗankwalin. Likita ya zaro allurar ɗinki daga cikin ruwan magani, ya nuna masa, ya ce zai riƙa taɓa shi da tsininta daga ƙasa yana hawowa, shi kuma ya rufe ido, duk inda ya ji ya ce ya ji.

Ya rufe.

Ja-ja a bayan fatar ido. Ƙarar fanka. Can waje wani yaro na kuka, an rarrashe shi, ya yi shiru. Yana jira. Zai ce na ji da ƙarfi, kada likita ya zaci kurma ne. Bari dai ya fara. Wataƙila yana neman wurin da ya dace ne, ko wata nas ta shigo da magana. Gadon na da sanyi a bayansa, wannan yana ji. Yana jin yunwa ma, yanzu ta zo. Yana jin harshensa. Har yanzu dai ba a…

Tsini. Can sama, ƙasan gwiwa kaɗan.

"Na ji. Ka fara ke nan?"

"Tun daga tafin ƙafa nake tahowa, Baba."

Ya buɗe ido. Likita ya ɗauki biro yana ɗan zana layi a ƙwaurinsa, shuɗi, gajere, a daidai inda ruwan kanal ke tsaya masa. Ya ce wannan ba wurin yanka ba ne, kada ya tsorata, alama ce kawai ta inda ji ya ƙare. Sauran sai abin da allurar magani ta yi, sai abin da jijiyoyin jini suka nuna.

Ya ɗaga kai kaɗan ya dubi ƙasan layin. Ƙafa ce, da gashinta, da tabon lauje na tun yana saurayi. A ƙarshen gadon Hawwa na durƙushe, ta ajiye kwanon a ƙasa. Hannayenta biyu na riƙe da diddigensa, ta tallafe shi kamar yadda ake tallafe kan jariri a wanka, babban yatsanta na shafa idon sawun, yana kai yana komowa.

Tun yaushe?

Ya so ya tambaye ta. Ya kalli yatsan nata yana tafiya, yana dawowa, fatar na ɗan lotsawa a ƙarƙashinsa. Ya jira ko wani abu zai iso… ko ɗumi.

Ya mayar da kansa kan robar. Fanka na juyawa.